Tsoron Japan da Tsoron Amurka

Yau kan finafinan ban tsoro za mu yi magana.

A Amurka, abin tsoro yawanci yana da jiki. Ku dubi fim ɗin Halloween: mutum ne da wuƙa. Ana gudu, ana ihu. In aljani ne, kamar a The Exorcist, limamin coci ake kira ya kore shi.

To, Japan fa? A fim ɗin Ringu na 1998, Sadako fatalwa ce, budurwar da aka jefa rijiya. Ba ta gudu, ba ta ihu. An ciro gawarta, amma fushinta bai huce ba. Mafita ɗaya ce: ka kwafi kaset ɗin bidiyon da ke ɗauke da la'anarta, ka miƙa wa wani bala'in.

Ni kam wannan ya fi hana ni barci.