Gani Ya Kori Ji? Ba Kullum Ba

Yau za mu taɓa karin maganar nan da kowa ya sani, wato gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma fa akwai lokacin da ji ke riga gani isowa, har ya faɗa wa ido abin da zai gani.

Bari mu fara da abu mai sauƙi. Ɗauki biro ka rubuta 1 da 3 dab da juna, kamar za su manne. Ka sa su tsakanin A da C, mutum zai karanta B. Ka mayar da su tsakanin 12 da 14, zai ce maka 13 ne. Tawadar ɗaya ce, abin da yake tsammani ne ya canza. Tun 1955 Jerome Bruner da Leigh Minturn suka yi irin wannan gwajin a Amurka.

To wani zai ce ai wannan karatu ne, ba gani ba. Saurari wannan. A 2013, Gary Lupyan da Emily Ward sun nuna wa mutane hoton wani abu a ido ɗaya, ɗaya idon kuma suka cika shi da zane-zane masu walƙiya da sauri. Walƙiyar kan danne hoton, har mutum ya ce bai ga komai ba alhali abin na gabansa. Amma in aka fara faɗa masa sunan abin a kunne, sai ya fi saurin hango shi. In kuma aka faɗi sunan wani abu daban, sai ganin ya ƙara wuya. Kun ga kenan kalma ta shiga aikin ido.

Me ya sa haka? Saƙon da ido ke aika wa ƙwaƙwalwa sau da yawa ba cikakke ba ne. Akwai duhu, akwai nisa, akwai hazon hunturu. Ƙwaƙwalwa ba ta zama ta jira, sai ta yi hasashe da abin da ta sani, ta cike giɓin. Kalma kuwa tana zuwa da kamannin abin gaba ɗaya. Shi ya sa in aka yi ihu “maciji!” da daddare, igiyar guga da ke yashe a tsakar gida sai ka ga har motsi take yi. Amma ku lura, da rana tsaka kalma ba za ta mai da akuya raƙumi ba. Ƙarfinta yana inda abu bai fito sosai ba.

Ga inda abin ya shafe mu. Bidiyo nawa ake turo mana a WhatsApp da TikTok, mai dishi-dishi, an ɗauka daga nesa, an rubuta a sama “ga ɓarawon yara” ko “ku duba bindiga a hannunsa”? Kafin bidiyon ya buɗe ka riga ka karanta. Sai ka ga bindigar, ka rantse ka gani da idonka, alhali ƙila waya ce. Ba ƙarya ka yi da gangan ba, an riga an yi wa idonka jagora. Haka ihun “ɓarawo” yake a kasuwa, kuma mun san an rasa rayuka ta wannan hanyar.

Don haka kafin ka tura, rufe rubutun da yatsa ka sake kallo. Faɗi abin da ke ciki kawai: mutum, farar riga, wani baƙin abu a hannu. Ko ka nuna wa abokinka ba tare da ka faɗa masa komai ba, ka ji me zai ce. In amsarku ta bambanta, to dakata.

Ku gwada na B da 13 a gida, ku faɗa mana yadda ta kaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kwana lafiya.