ABIN DA YARANMU SUKA GANO A YAMAI

Jawabin da magatakardan reshenmu na ƙasar Tasawa ya yi ran kasuwa da la'asar, bayan komowar 'yan lakwal daga babban birni. A karanta shi da ƙarfi a kowane reshe domin waɗanda ba su yi boko ba.

 

Kun ba mu amanar 'ya'yanku 38, mun kai su Yamai, mun komo da su 38, babu wanda ya yi ko tuntuɓe. Alhamdu lillahi. To, yau na tsaya in ba ku lissafin tafiya, gama wanda ya sa kuɗinsa cikin abu yana da hakkin ya ji inda kuɗin suka shiga. Akwai kuma maganar da na ji ana yi a rumfar mahauta da bakin rijiya, wai mun kwashi yara mun kai su kallon kura da biri. Zan amsa wannan magana, amma ku bari in fara daga hanya.

Mun tashi bayan sallar asuba, mu huɗu manya: mushen ajin, da uwa ɗaya wadda mata suka zaɓa, da wani tsoho daga cikinku, da ni. Tafiyar ta wuce kilomita 700. Mota ta yi mana gardama tsakanin Gidan Runji da Madawa, muka yi awa uku a gindin bedi muna jiran kanikanci, abin da ya sa tilas muka kwana Ƙonni, domin mun yi alkawari ba za mu bi hanya da dare ba. Da farko na ji haushin wannan kwana. Daga baya na gode Allah da shi.

Ga dalili. Da dare bayan an ci tuwo, mushe ya tambayi yara ko akwai wanda ya san abin da ya sami wannan gari a 1899. Shiru. Ya ce, to, wa ya san kaburburan Nasara biyu da ke Maijirgi? Yaro ɗaya ya ɗaga hannu, ya ce ya taɓa ganinsu sa'ad da suka je biki, amma ya zaci na masu aikin hanya ne. Jama'a, Maijirgi fa! Nan bayanmu, inda muke aurar da 'ya'yanmu! Sai tsohon da kuka haɗa mu da shi ya gyara zama, ya ba su labarin kamar yadda ya ji daga bakin kakarsa. Yadda Voulet da Chanoine suka shigo daga yamma da rundunarsu suna ƙone gari bayan gari. Yadda Sarauniya ta tare su a Lugu cikin ƙasar Arewa a watan Afirilu. Yadda suka faɗa wa Birnin Ƙonni a watan Mayu, suka yi kisan da har yau ba a manta ba, sa'an nan suka nufo ƙasarmu, suka yi ɓarna a Koran Kalgo. Har labari ya kai Faransa, aka aiko wani kanar mai suna Klobb ya tsai da su, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ran 14 ga Yuli, watau ranar babban bikin Faransa kanta. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojansu suka juya musu baki, suka kashe su duka biyu. Yara suka yi tsit. Ni kuwa kunya ta kama ni, domin ba laifin mushe ba ne, ba kuma laifin yara ba. Mu iyaye ne muka riƙe bakinmu.

Kashegari muka wuce Dogondutsi da Doso, muka shiga Yamai da rana tsaka. Yawancin yaran ba su taɓa ganin ruwa mai gudu da rani ba. Da suka hangi kogin Isa sai wata yarinya ta tambayi uwar tafiya, wa ya buɗe shi, kuma yaushe za a rufe?

Gidan tarihi na ƙasa, wanda mutanen birni ke kira muze, yana kan tudu kusa da kogi. An buɗe shi a 1959, kafin 'yancin kai na 3 ga Agusta 1960. Bubu Hama ne ya tsaya a kan kafa shi, tare da wani Bature masanin tonon kayan da, Pablo Toucet, wanda ya fara riƙon gidan. Yanzu sunan Bubu Hama gidan ke ɗauke da shi. Fili ne babba, ɗakuna a warwatse cikin itatuwa, an yi su da zanko da zane irin na ginin Hausa, har wani yaro ya ce wannan ai kamar Birnin Damagaram. Na ce masa ya yi gaskiya, kuma ya sani Damagaram ce hedkwatar ƙasar nan har 1926, lokacin da Nasara suka mai da mulki Yamai.

I, akwai kura, akwai zaki, akwai dorina da kada. Yara sun kalle su, sun yi dariya, ban hana ba. Wanda ya ce kallon kura muka je, ya faɗi kashi ɗaya cikin goma na gaskiya. Ga sauran.

An kai su inda aka gina gidajen kabilun ƙasa, kowanne yadda masu shi ke yinsa: ɗakin Bahaushe da rumbunsa, bukkar Bafillace, tantin Buzu, gidan Bazabarme, da na masunta na bakin kogi. Yaranmu sun saba jin ana cewa Nijar ƙasa ɗaya ce, amma a bakin rediyo suke ji. Ran nan suka sunkuya suka shiga ɗakin wani, suka ga inda yake ajiye ƙwaryarsa. A ɗakin tufafi suka ga rigunan sarauta da kayan doki, da lifidi da sulke. A rumfunan masu sana'a suka tarar da maƙeran farfaru suna zuba azurfa, dukawa suna ɗinkin jaka, masaƙa suna jefa ƙoshiya. Akwai ɗan dukawa cikin ajin, wanda abokansa ke yi wa ba'a da warin fata. Ya tsaya gaban wani dattijo mai jima, ya faɗa masa sunan kowane ƙarfe da ke kan tabarmarsa. Dattijon ya ce, ɗan gida ne wannan, ya ba shi guntun jan fata. Tun daga nan har muka komo ban ji wanda ya sake tsokanarsa ba.

Sai ƙasusuwa. Jama'a, abin nan sai an gani. Dabbobi ne da suka rayu a ƙasar nan tun babu ɗan Adam, masana sun ce shekara wajen miliyan 110. An tono su a Gadufawa, cikin hamada gabas da Agadas, inda wani masani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya soma aiki a 1965. Ɗaya daga cikinsu an sa masa suna Ouranosaurus nigeriensis, watau sunan ƙasarmu na manne da shi a littattafan duniya duka. Akwai kuma wani kada na wancan zamani wanda tsawonsa ya wuce mita 9. Tsohonmu ya daɗe yana kallo, ya ce ko Adawa ne? Mai yi mana bayani ya ce a'a, Baba, dabbobi ne, kuma inda aka same su, wanda yau ko ciyawa babu, a da koguna ne da dausayi. Tsoho ya ce, ashe ƙasa ma tana tsufa. Ku manoma da kuke ganin rairayi yana cin gonakinku ta arewa, kun fi ni sanin abin da yake nufi.

Kusa da nan aka killace wani busasshen icce, an yi masa rumfa kamar kabarin waliyyi. Shi ne iccen Tenere. Ƙaya ce irin kandili, ita kaɗai tsaye a tsakiyar hamada, babu wata itaciya kusa da ita sai an yi tafiya mai nisa ƙwarai. Azalai masu zuwa Bilma ɗaukar gishiri da ita suke gane hanya, kuma ba mai karya reshenta ya dafa shayi, ba mai barin raƙuminsa ya ci ganyenta. Da aka haƙa rijiya kusa da ita aka ga saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, a filin da ba shi da iyaka. Aka ɗauko gawarta aka kawo Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Yaran sun yi ta dariyar direban. Mushe ya bar su suka gama, sa'an nan ya tambaye su gawo nawa aka sare a gonakin garinmu bara. Ba wanda ya amsa, ni ma ban amsa ba.

Ɗakin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na yuraniyom. An nuna dutsen yadda ake haƙo shi a Arlit, inda aka soma fitar da shi a 1971, da yadda ake sarrafa shi har ya zama garin nan rawaya, da yadda ake ba da wutar lantarki da shi a ƙasashen waje. Yarinyar nan mai tambayar kogi ta ɗaga hannu. Ta ce, in dutsenmu ne ke ba da wuta, don me take karatu da fitilar hannu? Mai bayani ya dube ni, ni na dubi mushe. Na ce mata wannan tambaya ita ce ta tara iyayenta a ƙungiya, kuma kada ta yarda kowa ya ce mata ta yi ƙanƙanta da yinta. Ku sani, wannan yarinya sai da uwar tafiya ta je gidansu sau uku kafin ubanta ya yarda. Yana nan zaune cikinku, ba zan nuna shi ba. Na gode masa.

Rana ta biyu muka zaga gari. Muka tsaya a dandalin shahidai, bakin gadar Kennedy wadda aka buɗe a 1970. A kan wannan gada, ran 9 ga Fabrairu 1990, ɗaliban jami'a suka taso daga ƙetaren kogi suna zanga-zanga, aka buɗe musu wuta, uku suka mutu. Jininsu na cikin abin da ya kawo babban taron ƙasa na 1991. Na gaya wa yara cewa waɗannan ba sarakuna ba ne, ba sojoji ba, 'yan makaranta ne da suka girme su da shekara goma kacal. Muka yi musu fatiha. Muka kuma tsaya wurin tunawa da sojan ƙasar nan da aka kwasa zuwa yaƙin duniya na 1914 da na 1939, yaƙin da ba su san mafarinsa ba.

Daga nan muka bi babban titin da a da ake kira da sunan de Gaulle, wanda tun 2024 ya koma titin Jibo Bakari. A nan na ga abin da ya kamata in faɗa muku a fili, ko da wani zai ji zafi. Jibo shi ne magajin garin Yamai na farko a 1956, shi ne jagoran Sawaba da ya ce a jefa "a'a" a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, domin a sami 'yanci nan take kamar yadda Gine ta yi. Bai yi nasara ba, aka hana jam'iyyarsa a 1959, ya yi gudun hijira, daga baya ya sha kurkuku. Bubu Hama kuwa, mai gidan tarihi, yana ɓangaren da ya ce "i", shi ne shugaban majalisa har juyin mulkin 1974, shi ma ya ɗanɗani tsaro bayan nan. Diori Hamani, shugaban ƙasa na farko, sunansa na kan filin jirgin sama. Mutanen nan sun yi gaba mai tsanani, an zub da jini a tsakaninsu, kuma a garin nan akwai gidajen da har yau ba su manta wanda aka kama musu ba. Wani yaro ya tambaye ni, to wane ne mai gaskiya? Ina da ra'ayina, kun san shi. Amma na ce masa ya koma gida ya tambayi kakansa, sa'an nan ya tambayi kakan abokinsa na ɗaya ɓangaren, ya rubuta duka biyu. Yaron da aka ba rabin labari, duk mai baki zai iya jansa.

Yanzu lissafi. Kowane uba ya ba da jikka 5. Reshe ya cika sauran daga karo-karon ran kasuwa, mata suka haɗa ƙuli-ƙuli da gari da dambu na guzuri, wani ɗan garin nan da ke zaune Yamai ya sauke mu kyauta. Abin da ya ragu jikka 11 ne, yana hannun ma'aji, takarda na nan ga mai son dubawa.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne, cikin 38 'yan mata 9 ne kawai, alhali su ne kusan rabin ajin. Wasu iyaye sun ce tsoron hanya suke yi. Wannan tsoro ba na banza ba ne a zamanin nan, ban raina shi ba, shi ya sa muka nemi izinin hukuma, muka tambayi halin hanya kafin mu tashi, muka ƙi tafiyar dare. Amma wanda ya bar ɗansa namiji ya hau motar nan, ya hana 'yarsa, ba hanya yake tsoro ba.

Ga abin da kwamiti ya shawarta, ku ne za ku amince ko ku ƙi. Kowane reshe, daga Madarumfa har Matamai, ya buɗe asusun tafiyar 'yan lakwal tun daga kaka, lokacin da hatsi ke hannu, kada a jira bazara. Reshen da Yamai ta yi masa nisa ya fara da abin da ke kusa: fadar Damagaram, ko Maijirgi, ko Lugu. Kuma kafin a kai yaro ko'ina, a zaunar da shi gaban tsofaffin garinsu. Mushe ya yarda zai ba da ranar Laraba da yamma domin wannan, yara su zo da littafi su rubuta da Hausa, boko ko ajami, wanda ya fi musu sauƙi.

Saura magana ɗaya. Akwai masu yawo ƙauye-ƙauye suna sayen tsohon takobi, da tandu, da littattafan ajami, da tukwanen da ake tonowa a kufai, su ba ka abin da bai kai kuɗin buhun gero ba, su ƙetare da su. Kada ku sayar. Wanda talauci ya matsa masa ya zo wurin reshe tukuna, mu san yadda za a yi.

Masu son sa sunan 'ya'yansu na baɗi su ga ma'aji bayan magariba. Uwar tafiya za ta bi gidaje ran Jumma'a domin maganar 'yan mata, ina roƙo a buɗe mata ƙofa.