MUTUM NA UKU DA CINIKIN ƘURI'ARMU

Jawabi ga 'yan komitin Kelle da na kasuwannin ƙasar Gure

 

Abin da ya tara mu yau shi ne maganar mutum na uku. Duk sa'ad da aka yi zaɓen shugaban ƙasa, idon jama'a a kan manya biyu yake, kamar masu kallon kokawa. Amma mu 'yan Nijar mun sha ganin wanda aka kayar tun da fari ya koma gefe yana zaɓen wanda zai ɗauki takobi. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba a sake kafa akwati ba. To, lokacin da babu hayaniyar yaƙin zaɓe shi ne lokacin yin lissafi.

A wasu ƙasashe zagaye ɗaya ake yi, wanda ya fi yawa ya ɗauka. A can, na uku ɓarna yake yi wa wanda ya fi kama da shi. A Amurka a 2000, George Bush ya fi Al Gore da ƙuri'a 537 kacal a jihar Fulorida, alhali wani Ralph Nader ya kwashi fiye da dubu 97 a wannan jiha. Da Fulorida Bush ya hau. Har yau mutanen Gore na ganin Nader ne ya ci musu tuwo.

Namu tsarin dabam ne. Daga 1993 har zuwa juyin mulkin 2023, dokarmu cewa ta yi sai mutum ya wuce rabi. In babu wanda ya wuce, na ɗaya da na biyu su sake karawa. Watau na uku ba ya ɓata wa kowa a zagayen farko, sai dai ya fito da kaya a hannu, a zo ana taya.

Ku tuna 1993. A zagayen farko Tanja Mamadu na MNSD ya sami kashi 34 cikin ɗari, Mahamman Usman na CDS-Rahama, ɗan Damagaram, ya sami wajen 27. Mahamadu Isufu na PNDS ya zo na uku da kusan 16, Adamu Mumuni Jermakoye na bin sa da 15. Waɗannan biyu suka mara wa Usman baya cikin ƙawancen AFC, ranar 27 ga Maris ya ci da kashi 54 da 'yan kai. Wanda ya zo na ɗaya ya koma gida. Aka ba Isufu firaminista, aka ba Jermakoye shugabancin majalisar dokoki.

Murna ta yi yawa a jiharmu a wannan rana, ba mu musu. Amma fa shekara ɗaya da rabi aka yi. A watan Satumba 1994 shugaban ƙasa ya rage wa firaminista iko, Isufu ya ajiye aiki, jam'iyyarsa ta koma wajen MNSD ɗin da aka taru aka kayar. Aka sake zaɓen majalisa a Janairun 1995, Hama Amadu ya zama firaminista, aka shiga zaman doya da manja tsakaninsa da shugaban ƙasa, har soja suka shigo ranar 27 ga Janairu 1996. Talakan da ya taka daga rugga ko daga ƙauye ya jefa takardarsa, wa ya tambaye shi kafin a ƙulla, wa ya tambaye shi kafin a kwance?

A 1999 reshe ya juye. Isufu ya fi Usman da abin da bai kai rabin kashi ɗaya ba, sai Usman ya zama na uku. Wannan karo ya kai jama'arsa wajen Tanja, wanda ya kayar shekara shida da suka wuce, Tanja ya ci da kusan kashi 60. Usman ya zama shugaban majalisa. Mu faɗi gaskiya, wannan ƙawance ya yi ƙarko, ya kusa shekara goma, sai da maganar tazarce ta taso a 2009 sa'an nan ya watse. Saboda haka ba mu ce duk ƙawance banza ne ba.

Na 2011 shi ne muke so ku riƙe da kyau. Ana saura kwanaki kaɗan a yi zagayen farko, Hama Amadu na Lumana da Seyni Umaru na MNSD da Mahamman Usman suka yi alkawari a bainar jama'a cewa duk wanda ya tsallake a cikinsu, sauran za su bi shi. Aka ƙirga: Isufu 36, Seyni 23, Hama kusan 20. Ba a jima ba Hama ya ce shi Isufu zai bi. Isufu ya ci da wajen 58, Hama ya zama shugaban majalisa, a 2013 suka ɓata. A 2021 ma, da aka kara tsakanin Bazum Mohamed, tsohon ɗan majalisar Tesker maƙwabtanmu, da Mahamman Usman, Seyni ne na uku. Ya bi Bazum, Bazum ya ci, Seyni ya zama shugaban majalisa.

Kun ga kujera ɗaya ke ta yawo? Sau huɗu ke nan. Ku da kuke cin kasuwar dabbobi kun san sunan abin: la'ada. Ba mu ƙi dillali ba, kasuwa ba ta ci sai da shi. Amma dillalin kirki yakan komo wurin mai akuya ya ce an taya kaza, a sallama ko albarka? Wanda ya sayar bai tambaya ba, ya kuma riƙe kuɗin, wannan kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓe kuɗi.

Wani zai ce, to ai gara a bar ƙananan jam'iyyu, kowa ya bi babba tun farko. Ba mu yarda ba. Zagayen farko nan ne kaɗai ake auna nauyin kowa, kuma wanda ba a san nauyinsa ba, ba a sallama masa a ƙofar gida. Har wa yau ƙuri'a ba buhun hatsi ba ce da za a ɗora wa raƙumi a kai inda aka ga dama. In kuka tara abin da Usman da Isufu da Jermakoye suka samu a zagayen farko na 1993, ya kusa 58, amma 54 aka gani a na biyu. Ba duka suka bi umarni ba.

Abin da muke roƙo ga kowane komiti, daga nan ƙasar Kutus har Gure, shi ne wannan. Ran da aka koma zaɓe, duk ɗan takarar da ya sauka garinku, ko namu ne, a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa, sa'an nan a tambaye shi gaban dattawa: in ka zo na uku, wa za ka bi? Me za ka nema a bakin ƙuri'armu, kujerarka ko rijiya da likita da burtalin dabbobi? Za ka komo ka ji ta bakinmu kafin ka sa hannu? Sakatare ya rubuta amsar da kwanan wata, ya karanta wa jama'a ran kasuwa, ya aiko mana da kwafi ɗaya. Wanda ya ce sai bayan ƙirga zai faɗa, shi ma a rubuta haka.