Makokin da Ba a Shimfiɗa wa Tabarma



Mu Hausawa mun iya zaman makoki. Kafin a gama yi wa mamaci sutura an baza tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta sun ɗora tukunya, dangin nesa sun kamo hanya. A yi sadakar uku, a yi ta bakwai, wasu har ta arba'in, mata ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Kowa ya san abin da zai ce: "Ya ƙarin haƙuri?" a amsa masa, "Da godiya." Wanda aka yi wa rashi ba ya kwana shi kaɗai, ba ya hura wuta. Tsari ne mai kyau, kuma yana da tushe, domin ranar da labarin shahadar Ja'afar ya iso Madina daga Mu'uta, Manzon Allah (SAW) ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci.

Amma duk wannan tsari a kan gawa ya rataya. In babu gawa babu jana'iza, babu tabarma, babu takaba, babu rabon gado. To, ina matar da mijinta ya fita daga Bama a 2014, har yau ba shi ba labarinsa? Ina uwar da aka ɗauke ɗanta a hanyar gona a Zurmi, aka sayar da shanu aka kai kuɗin fansa, waya ta daina shiga?

Ba 'yan kaɗan ba ne. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce an kai mata rahoton ɓacewar kusan mutum 22,000 a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a rajistarta, kuma fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓace. Waɗanda aka rubuta ke nan. Cikin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 akwai waɗanda iyayensu suka mutu suna jira. Su duniya ta san da su. Na ƙauyukan da ɗan jarida bai taɓa takawa ba fa?

Abin da ke cin irin wannan gida daban yake da na mutuwa. Mai gawa yana kuka, sannu a hankali zuciya ta sallama. Matar da mijinta ya ɓace ba ta da ikon sallamawa. In ta ce ya mutu, sai ta ji kamar ita ta kashe shi da bakinta. In ta ce yana raye, to yana ina, ya ci abinci? Sai barci ya ƙaurace, ƙarar babur ta sa ta zabura, ciwon kai da hawan jini su maida ta 'yar gida a kemis. Dangin miji su hana taɓa gonarsa, tunda ba a tabbatar ba. Mu kuma da muka zo gaisuwa sai mu rasa ta cewa, don ba a ce "Allah Ya jiƙansa", saboda haka mu daina zuwa. In ta yawaita zancen, a ce mata, "Haba, ki bar wa Allah mana, kamar ba musulma ba."

Wannan kalma nake roƙon mu daina. Annabi Yaƙub uban wanda ya ɓace ne, ba a kawo masa gawa ba, riga aka kawo. Ya yi ta baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, 'ya'yansa suka gaji da jin sunan Yusuf a bakinsa suka zarge shi, amma Allah bai zarge shi ba. Wa ya ba mu izinin auna imanin baiwar Allah da hawayenta?

Za a ce aikin likitoci ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga mutum fiye da miliyan 200. Asibitocin tarayya na wannan fanni irin na Maiduguri da Kware da Barnawa ba za su ɗauke nauyin ba, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ke kallon mai wannan lalura a matsayin abin kullewa. Wanda ya daina ci, ko ya fara zancen kashe kansa, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba, ruƙiyya ba ta hana ganin likita. Amma mafi yawansu kunne suke nema. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, bincike kuma ya nuna abin yana aiki. Mu da muke da ungozoma da malamar Islamiyya da mai unguwa a kowane lungu, me ya hana mu? A Maiduguri ma matan ba su jira kowa ba: ƙarƙashin ƙungiyar Jire Dole, wadda Hajiya Hamsatu Allamin ta assasa, iyaye da matan waɗanda suka ɓace suna haɗuwa, kowace ta faɗi nata.

Sauraron ma yana da ladabi. Kada ka tono labarin da mutum bai ba ka ba. Kada ka yi alkawarin za a gan shi, ba ka sani ba. Tambayi abin da ya tsaya: kuɗin makarantar yara, haya, noman bana. Ka kira sunan wanda ya ɓace, kada ka kauce masa. Wanda kuma ya kuɓuto daga daji, a bar yi masa kallon annoba.

Malaman shari'a, saura ku. Mazhabar Malikiyya ta tanadi hukuncin wanda ya ɓace: mace ta kai ƙara gaban alƙali, a bincika, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda, kuma in babu abin ciyar da ita tana da wata ƙofar da ta fi wannan kusa. Mata da yawa sun haura shekara goma a rataye, ba aure ba zawarci, don ba wanda ya gaya musu. Ku faɗe shi a mumbari da rediyo, kuma a samu wanda zai raka su kotu, domin yawancinsu ko kuɗin motar zuwa ba su da shi.