Sana'ar Sayar da Motocin Hannu a Zariya



An umurce ni da in yi magana a kan sana'ar saye da sayar da motocin da aka riga aka yi amfani da su, watau waɗanda muke kira motocin hannu ko 'yan Kwatano. Wani zai ce me ya kawo zancen dillalan mota zauren jami'a? Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikin ma'aikatan da ke zaune a nan suna dab da barin aiki, kuma ɗan abin da za a ba su na sallama shi ne jarinsu na ƙarshe. Ɗalibai kuma sun san ba kowa ne zai sami kujera a ofis ba. Duk wanda ya bi ta Tudun Jukun zuwa Tudun Wada, ko ya nufi Sabon Gari, ya kan ga motoci a jere a bakin titi an sa su kasuwa, sai ransa ya raya masa cewa wannan sana'a ce mai sauƙi. Haƙiƙa akwai arziki cikinta, amma tana iya cinye garatutin shekara talatin da biyar cikin damina ɗaya.

Asalin kasuwar

Bari mu fara da tarihi. A shekarar 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Ikko. A farkon wannan shekara ce aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, sa'an nan gwamnati tana ba su rancen mota. A wancan zamani wanda ya gama jami'a yana sa ran hawa sabuwar mota ba da daɗewa ba, Naira ɗaya kuwa ta fi dalar Amurka daraja. Da farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986, aka karya darajar Naira, sai sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Daga nan ne tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa, ana loda su a tashar jiragen ruwa ta Antwaf a ƙasar Beljiyam, a sauke a Kwatano ko Lome. Waɗansu su kan biyo ta Jamhuriyar Nijar, su ratsa Maraɗi, su shigo ta Jibiya. Abin da ya sa har yau sunan Kwatano da na Beljiyam suka bi motar hannu ke nan.

Daga ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, aka ce sai ta tashoshin ruwa. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin baki ɗaya, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Sa'an nan a 2023 aka janye tallafin man fetur, aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, farashin mota a Tudun Wada yana rataye ne da farashin dala da kuma dokar kwastan, kuma dillali ba shi da iko da ko ɗaya daga cikinsu.

Matsalar amana

Akwai wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, wanda a 1970 ya rubuta maƙala a kan kasuwar motocin hannu, kuma tana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi lambar Nobel a 2001. Ga taƙaicen hujjarsa. Mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba. Tun da mai saye ba ya iya rarrabe mai kyau da mai aibi, sai ya ƙi taya kowace mota fiye da matsakaicin farashi. Mai mota lafiyayya ya ga an taya masa ƙasa da darajarta, sai ya ce albarka, ya janye ta. Da haka masu kyau su kan ƙare a kasuwa, a bar rubabbu, farashi ya ƙara faɗuwa. Watau ƙaryar mutum ɗaya tana rage kuɗin motar kowa.

Hausawa sun daɗe da gano maganin wannan cuta. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan ya buga littafinsa a 1969, ya nuna yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi ba tare da takarda ba, domin mai gida da dillalansa sun tsaya wa ciniki da mutuncinsu. In mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai biya baƙonsa. Shari'a ma ta yi tanadi: a mazhabar Malikiyya an haramta ɓoye aibin kaya, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. Saboda haka babbar hajar dillali ita ce maganarsa. In ka faɗa wa mutum cewa injin motar nan an taɓa buɗe shi, ya saya a kan haka, ba zai kai ka gaban alƙali ba, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kafin a zuba jari

Shawarata ta farko, kada kowa ya sayi mota ko ɗaya sai ya yi aƙalla shekara guda a ƙarƙashin wani dillali da aka sani da gaskiya. A nan zai koyi farashi, ya san masu kawo kaya, yana karɓar la'ada ba tare da ya sa kuɗinsa cikin hatsari ba. Bayan haka ya iya karɓar motocin mutane ya sayar musu a kan la'adar da aka yanka tun farko, gaban shaidu. Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da ɗalibin da bai mallaki kome ba sai waya da ƙafafunsa.

Ga ma'aikata kuwa akwai gargaɗi. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin jadawali na biyar na Tsarin Mulkin 1999 sun hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Wanda ke bakin aiki sai ya jira ya yi ritaya, ko kuwa ya ba wani jari a bisa ƙa'idar kiradi: kuɗi daga gare shi, aiki daga wancan, a raba riba bisa kason da aka amince, hasarar da ba ta sakaci ba kuma ta hau kan mai kuɗi. Ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, a rubuta.

Sa'an nan a dubi masu saye. Zariya garin makarantu ne: ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, ga asibitin koyarwa a Shika, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, ga barikin horar da sojoji. Akasarin masu sayen mota a nan masu albashi ne, sai kuma direbobin haya da ke bin hanyar Kaduna da Kano da Funtuwa. Tun da aka janye tallafi, tambayar farko da mai saye ke yi ita ce, yaya shan manta? Ta biyu, akwai kayan gyaranta? Don haka ƙaramin dillali ya tsaya ga motocin da kowane makaniki ya sani, irin su Toyota Corolla da Honda da Golf da Peugeot 406, waɗanda in an rasa kayansu a Zariya za a samu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Babbar motar alfarma guda ɗaya tana iya haɗiye jarinsa duka, ta yi shekara tana shan rana da ƙura.

Binciken mota da takardunta

Kowace mota ta zamani tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17 da aka buga a jikinta, a ƙasan gilashin gaba da bakin ƙofar direba. A duba ta a kowane wuri, a gwada da ta cikin takarda. In aka ga alamar an kankare ko an yi walda a wurin, a tashi a bar motar kome arharta. A motocin da aka yi domin kasuwar Amurka, harafi ko alƙalami na goma shi ke nuna shekarar motar, kuma da wannan lamba ana iya biyan kuɗi kaɗan a intanet a ga tarihinta. Wannan yana da muhimmanci, domin da yawa daga cikin motocin Amurka da ke zuwa mana daga gwanjon kamfanonin inshora suke, waɗansu sun yi hatsari, waɗansu ambaliya ta nutsar da su. Motar da ta kwana cikin ruwa ta kan yi kyau a ido, amma wayoyinta suna ruɓewa sannu a hankali. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina, a leƙa ƙarƙashin kujeru a nemi tsatsa da busasshen laka.

A tafi da makaniki na kanka, wanda ba ya cin la'ada wurin mai sayarwa. A tayar da injin da sanyin safiya, a dubi hayaƙi: shuɗi alamar yana ƙona baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa alamar ruwa yana shiga inda bai kamata ba. A sa na'urar bincike, a hau titi a ji yadda giya ke shiga. Kada a gaskata mitar tafiya ita kaɗai, domin ana mayar da ita baya. Motar da sitiyarinta ke dama kuma a guje ta, don tun Afrilu 1972 ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama na titi, kuma mayar da sitiyari hagu aiki ne da ya sha jawo hatsari.

Game da takardu, abu biyu ke kai dillali ga halaka: motar da ba a biya mata kuɗin kwastan daidai ba, da motar sata. Ta farko za a ƙwace ta a hanya ko bayan an sayar, mai saye ya dawo kanka. Ta biyu kuwa kurkuku ce. A tabbatar da takardar kwastan a ofishinsu, a binciki motar da ta riga ta yi lamba a rajistar motoci ta 'yan sanda, a ga mai ita ido da ido da katin shaidarsa, a rubuta yarjejeniyar sayarwa da shaidu biyu. In an kawo maka mota da dare a rabin kuɗinta, ka tuna araha ba ta ado.

Shi kansa dillali sai ya yi rajistar sunan sana'arsa a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya nemi izinin filin da zai ajiye motoci daga hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, ya biya haraji. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta sa dillalan mota cikin waɗanda za su yi rajista da sashen da ke ƙarƙashin hukumar EFCC, ta kuma hana biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da Naira miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga kamfani, sai ta banki.

Lissafin riba

Mu ɗauki misali. An sayi mota a kan Naira 7,000,000. Gyara da fenti sun ci 400,000, kawo ta da sabunta takardu 150,000, la'adar wanda ya kawo mai saye 100,000. Ta tsaya ke nan a kan 7,650,000. In an sallama ta a 8,200,000, riba ta zama 550,000. Idan cikin wata guda aka sayar, madalla. Idan kuwa sai da ta yi wata shida, an biya hayar fili da mai gadi, batir ya mutu, to ribar ta tafi. Abin da ya fi wannan muni, idan a cikin watannin nan dala ta tashi har irin motar ta koma 8,500,000 a wurin masu kawowa, dillali ya wayi gari da kuɗin da ba za su mayar masa da hajarsa ba, alhali littafinsa yana nuna riba. Saboda haka a riƙa sa farashi bisa kuɗin da za a sayo wata a yau, kuma ƙaramar riba mai saurin juyawa ta fi babba mai dogon jira.

Kada a zuba jari duka a mota. A ware kashi ɗaya cikin huɗu domin gyara da larura. A raba aljihun gida da na sana'a. Bashi kuma a yi hattara da shi, ko da mai saye ya ba da kafin alƙalami, kada mabuɗi da takardu su fita sai kuɗi sun shiga asusu ka gani da idonka, domin saƙon banki na jabu ya yi yawa. Ma'aikacin da ke son biya kaɗan-kaɗan a tura shi ƙungiyar gama kai ta wurin aikinsa, ko bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, su saya daga gare ka su sayar masa.

Shugaban taro, Zariya ƙaramin gari ne a wajen labari. Malamin da ka sayar wa mota mai aibi a Kongo, kafin mako ya zagayo an ji a Samaru, wanda ka yi wa gaskiya kuma shi zai kawo maka abokin aikinsa da surukinsa. Ina roƙon ɗalibanmu na sashen koyon kasuwanci su fita su zauna da dillalan Tudun Wada da Sabon Gari, su rubuta yadda wannan kasuwa ke gudana, domin masu zuwa bayanmu su sami abin dogara. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, ya tsare mu daga cin haram.