Raunin da Ba ya Jini: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

 

An nemi in yi magana a kan tsofaffin sojojinmu. Daga Ikara zuwa Makarfi har Kudan, da wuya a rasa unguwar da ba ta ba da ɗanta ba, ko a Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, ko a Laberiya daga 1990, ko a Borno tun 2009. Wani ya dawo jiki lafiya lau, amma barci ya gagare shi. Ƙarar salansar babur ta sa shi zabura, ga mafarkin yaƙi, ga saurin fushi. Sai mu ce aljanu ne, ko mu ce ragwanci.

Jama'a, ciwo ne. Likitocin Amurka sun sa shi cikin littafin cututtukansu a 1980, bayan yaƙin Biyetnam. Kuma yakan bar sawu a jiki. A 1995 hoton ƙwaƙwalwa ya nuna sashen da ke adana tunani ya ɗan ƙanƙance a wasu tsofaffin sojoji masu ciwon. Wasu kuma bugun zuciyarsu kan yi sama da an tuna musu fagen fama.

Amfanin waɗannan alamu shi ne a gane maganin da zai karɓi kowa. Ga misali: akwai maganin hawan jini, Prazosin, da ake bayarwa don mugun mafarki. Binciken 2016 ya nuna sojojin da awon jininsu ke sama kafin a fara su suka fi samun sauƙi. Amma a 2018, da aka gwada shi a kan tsofaffin sojoji 304, bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Ashe abin da ya yi wa Audu ba lalle ya yi wa Tanko ba.

Saboda haka roƙona biyu ne. Mai irin wannan ɗan uwa ya kai shi asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, a haɗa da addu'a. In maganin farko bai karɓe shi ba, kada a yi zuciya, a koma wa likita, domin akwai wasu magunguna, akwai kuma jinya ta zama a tattauna.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa malamanmu da alheri.