Lambun Bayan Gida da Rumfar Leda: Inda Aka Kwana a Bazarar Bana

(Jawabin da kwamitin noma ya gabatar a taron ƙungiya na watan Afrilu, a Sabo, Ibadan)

 

An umurce mu da mu bayyana wa wannan taro halin da lambunan gidajenmu suke ciki, da kuma rumfar ledar da ƙungiya ta kafa domin renon iri. To, Alhamdu lillahi, akwai labari mai daɗi, akwai kuma jan kunne.

Da farko dai, kowa a nan ya san yadda cefane yake komawa da zarar damina ta kankama. Tumatir da attaruhun da muke saye a Shasha da Bodija, yawancinsu na noman rani ne daga su Kadawa da Ɗanja, kuma daga Mayu zuwa Yuli sai kayan su ja baya, kuɗinsu ya hau. Ba mu manta da shekarar 2016 ba, lokacin da tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa, har miya ta gagari gidaje da dama. Haka nan a farkon 2021, da aka tsayar da motocin abinci daga Arewa na 'yan kwanaki, kowa ya ji a jikinsa. Hausawa na cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wannan shi ne dalilin lambun bayan gida.

To amma jama'a, lissafin gida ba ya aiki a Kurmi. A Kano, bazara lokacin sharar gona ne da kai taki, ana jiran ruwan shuka sai wajen Yuni. Nan Badun kuwa tun watan Maris ake samun ruwa, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, sannan ya dawo har Oktoba. Ke nan wanda ya ce sai ya ga lokacin shukar garinsu, to, an bar shi a baya. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. A can fari muke tsoro, a nan kuwa yawan ruwa da laima su ne abokan gaba.

Ga inda muke a yanzu. Alayyafon da aka yafa da ruwan farko an soma tsinkarsa, domin ba ya wuce mako 4 zuwa 5. Lalo, wanda maƙwabtanmu Yarbawa suke kira ewedu, ya fito lafiya a gidajen da suka tsoma irin a ruwan zafi kafin shuka. Waɗanda ba su yi haka ba, nasu ya yi gyauro-gyauro. Kuɓewa ta tsaya da ƙafafunta, nan da wata guda muna sa ran ɗanya, in Allah ya yarda. Rassan zogalen da aka kafe a jikin katanga sun yi toho. Rama da yakuwa ma sun kama, sai dai iyayenmu mata su yi haƙuri: ganye za a yi ta samu duk damina, amma zoɓo sai ƙarshen shekara, domin yakuwa ba ta fure sai yini ya soma gajarta.

Sai batun rumfa, wadda ita ce aka fi yi mana tambaya a kanta. Turawa suna gina irin wannan ɗaki ne domin su tara wa shuka ɗumi saboda sanyin ƙasarsu. Mu kuwa ɗumi ya ishe mu har ya yi yawa. Amfaninta a wurinmu shi ne ta tare ruwan sama daga dukan tumatir, ta kuma hana ƙwari shiga. Saboda haka leda a sama kawai take, gefe-gefe kuwa raga ce mai ƙananan idanu don iska ta ratsa. Duk wanda ya rufe tasa ruf da leda, zafi zai sa fure ya kaɗe, ya tashi da ganye ba 'ya'ya. Sannan da yake iska ba ta kaɗa shukar sosai a ciki, akan ɗan girgiza sandunan da hantsi domin furen ya ɗauka.

Irin tumatir ya cika mako 4 a wurin reno, ya isa dashe. Attaruhu da tattasai sai sun ƙara mako 2. Duk mai so ya zo da buhunansa a ba shi rabonsa.

Me ya sa muka ce buhu? Ƙasar wannan yanki tana ɗauke da wata cuta da ke sa tumatir ya yi yaushi dare ɗaya alhali ganyensa kore shar. In kana shakka, yanki karan ka tsoma a kofin gilashi mai ruwa garau. Idan ka ga wani abu fari kamar madara yana tsiyaya daga cikinsa, to ita ce. Ba feshin da zai tashe shi. A tuge a ƙone, kada kuma a maimaita tumatir ko barkono ko gauta a wannan gurbi, domin dangi ɗaya ne. Shi ya sa muke gasa ƙasa a rabin durom, mu gauraya da ruɓaɓɓen kashin kaji, mu ɗura a buhun da aka hudhuda gindinsa. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. Wannan dabara ta dace da mu 'yan haya, tunda ko an tashe ka, sai ka ɗauki gonarka ka tafi da ita. Amma a nemi izinin mai gida tukuna, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Abubuwa uku muke roƙo. Kada a yi ban ruwa da ruwan kwata, domin ganyen nan cikinmu zai shiga. A riƙa rufe durom ɗin tarar ruwa saboda sauro. Yara kuma su riƙa zagayawa da magariba suna tsince dodon-koɗi, wanda kan cinye ƙaramar shuka kafin gari ya waye. Farin ƙuda kuwa, mai sa ganye ya nannaɗe, a gwada masa ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana.

Allah ya haɗa mu gari ɗaya da masana. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, tana nan Idi-Ishin tun 1975. Kwamiti na shirin kai matasanmu ziyara can, domin gani ya kori ji.

Daga ƙarshe, iyayenmu sun zauna a Sabo tun 1916, amma ba su yar da miyar gida ba. Yaron da ya shuka rama da hannunsa ba zai raina kwaɗonta ba. Muna kira ga kowane magidanci ya tanadi ko da buhu 5 ne kafin wannan wata ya ƙare, domin ruwa ba ya jiran kowa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.